Gargaɗi ga 'yan wasan mota na Katsina: ya cinye mani naira 1,850,000 a kan injin BMW

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Yau dai ko za a yi mani dariya sai na sake shi, don jiya da daddare wani yaro daga Daura ya kira ni yana tambaya ko na san mutumin da ya cinye mani kuɗin injin, wai ya yi mashi tayin giyabos. Ashe har yanzu yana nan yana cin kasuwarsa.

Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin. 1,850,000. Na sa da lamba don kada wani ya ce bai karanta daidai ba. Kwasar adashina ce ta shekara guda, da kuɗin babur ɗina da na sayar, da dubu ɗari uku da na ranta wurin yayana da sunan zan ƙara jari a shago. Wannan ƙaryar da na yi wa Yaya ita ta fi ci mani rai, amma bari sai na zo wurin.

Kafin wani ya shigo yana karanta mani "ba a cinikin biri a sama", ya sani na riga shi sanin karin maganar. Shekarata goma sha huɗu ina sayar da rodi da kwanon rufi. Ina tura kuɗi Ƙofar Ruwa ta Kano ban ga kaya ba, a loda mani a kawo har ƙofar shago, ko kusa ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Ni ba yaro ba ne, kuma ba kwaɗayin araha ya ja ni ba. Na tambayi farashi wuri uku kafin na biya, nasa bai yi ƙasa da na sauran da abin da ya kai dubu ɗari ba. Da ya ce mani rabin kuɗi, wallahi da tun nan na gudu.

Waɗanda muke haɗuwa ranar Asabar a filin nan na bayan gari sun san motata, jar BMW E36 mai baƙin bonet. 318i ce ƙirar 1995, injin M43 mai silinda huɗu, ƙarfin doki 115 tun tana sabuwa, yanzu Allah kaɗai ya san nawa suka rage. Kuma don masu saurin zagi: mu ba 'yan wasan motar biki ba ne da ke juyi a tsakiyar titi ana ɗaukar amarya. Fili ne babu kowa, muna jera tsofaffin tayoyi mu yi wuraren shan kwana, mu sa hular kwano, wani ya riƙe waya yana duba lokaci. Matsalata ɗaya ce kullum. In na shiga kwana na taka totur, tayar ciki ce kawai ke ta kartar ƙasa tana tayar da ƙura, motar ba ta zuwa ko'ina. Masu 325i su wuce ni suna ɗaga mani hannu.

A filin na fara ganinsa, cikin sanyin Disamba. Wani ne ya zo da shi, wanda ya zo da shi ɗin ma yanzu cewa yake a Instagram suka haɗu. Farar shadda ce a jikinsa, da hula zanna. Ya tsaya ya kalli zagayena biyu, da na fito ya miƙo hannu ya ce, "Yallaɓai, hannunka yana da kyau, motar ce ke cin amanarka." Sai ya sa aka ba shi kwali, ya shimfiɗa, ya kwanta ƙarƙashin motar da farar shaddar nan. Ya fito yana kaɗe hannu ya ce difaranshata, wato giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya biyu, ƙaramar ce, mai lamba 168, kuma buɗaɗɗiya, shi ya sa ƙarfi ke gudu zuwa tayar da ba ta da nauyi a kanta. Ya ce abin da nake buƙata babbar ce mai 188 mai LSD, wadda ke riƙe tayoyin biyu su tura tare amma ta ɗan sake su a kwana. Ya ce in duba ɗan ƙarfen da ke maƙale a murfinta, in na ga harafin S gaban lamba, kamar S3.15, to ita ce. Ya tambaye ni, in zan canza inji zuwa M50 irin na 325i, mai VANOS (na'urar da ke canza lokacin buɗewar bawul) nake so ko na farkon da ba shi da shi, ya ce daga 1992 aka fara sa wa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na koma gida na bincika, bakanikena ma ya tabbatar. Ku gaya mani, wane ɓarawo ne ke kwanciya a ƙasa da farar shadda?

Muka yi la'asar tare, shi ya zuba mani ruwa a buta.

Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Dubu ashirin ce ta kama ni. Na fara gwada shi da ƙaramin abu, robobin ƙafar baya da fulogai, ya ce dubu tamanin da biyar. Na tura. Kwana huɗu kaya suka iso tasha, masu kyau, har yau suna jikin motar. Washegari ina zaune a shago ina auna wa wani rodi sai na ji alat. Dubu ashirin. Kafin na gane daga ina take sai ga kiransa: "Yallaɓai, mai kayan ya yi mani ragi bayan mun gama magana. Haƙƙinka ne, ba zan iya ci ba." Na ce haba, riƙe ka sha mai. Ya ce, "A'a Yallaɓai, ribata na ciki, wannan haram ce gare ni." Na ajiye waya na juya na ce wa yaron shagona, ka ga, har yanzu akwai mutanen kirki. Da bakina na faɗa. Yaron yana nan, kullum sai mun haɗa ido.

Dubu ashirin ya sa a ƙugiya ya kamo 1,850,000.

Cinikin shi ne injin M50B25 mai silinda shida, lita biyu da rabi, doki 192, da giyabos ɗinsa, da birenbos, wato kwamfutar injin, da wayoyinsa gaba ɗaya, da difaransha mai LSD, da shokazoba huɗu masu zare da ake ɗaga mota ko a sauke ta. Ya ce kayan suna Kwatano, an yanko su daga motar da ta yi hatsari a Jamus. Na tura dubu ɗari bakwai a Janairu. Sai dubu ɗari shida. A'a, kafin ta biyun ne na ce ya rubuta sunana a takarda ya ɗora kan injin ya ɗauko mani bidiyo, don ni ma ina da wayona. Ya ɗauko. Ga sunana da jan biro, ga inji a kan taya, ga hannunsa yana shafa murfin. Bidiyon yana wayata, zan sa shi. Bayan shi na tura dubu ɗari shidan.

Asusun da na tura na farko da sunan wani ne daban, ya ce ƙaninsa ne, nasa ya cika iyakar da banki ya sa mashi. Na biyu kuma sunan mace, wai uwargidansa. Na lura. Ba wai ban lura ba. Na riƙe wayar na yi shiru na kusan minti ɗaya, sai dubu ashirin ɗin nan ta faɗo mani a rai, na danna.

A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kowa ya sani, ni kaina kullum sai na canza farashin rodi. Ya kira da murya kamar zai yi kuka, wai sefa ta tashi, mai kaya ya ce ko a cika ko ya sayar wa wani ɗan Ghana. Dubu ɗari huɗu. A nan ne na je wurin Yaya. Daga nan sai labarin boda. Wai kaya sun iso Maraɗi sun maƙale, tunda an rufe iyakar Jibiya tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Wane Bakatsine ne zai musa wannan? Da idonmu muka ga manyan motoci jere a hanyar Jibiya wata da watanni. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne ta ina injin ya shiga Nijar ɗin, alhali gadar da ke tsakanin Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar ita ma a toshe take. Wannan tambayar sai cikin azumi ta zo mani, ina kwance bayan sahur.

Aka buɗe boda a watan Maris. Na ce to, Alhaji, an buɗe. Ya ce layi. Ya ce kwastan. Ya ce direban ya tafi ta'aziyya Zinder. Gafara sa, gafara sa, ba ƙaho.

Ana saura kwana kaɗan ƙaramar Sallah sai ya ce in je tasha, an samu an fitar da ƙananan kaya, inji na biye. Na je na samu buhu ɗaure da igiya, direban ya ce wani yaro ne ya ba shi a Kano, ba ma daga Jibiya ba. Ban damu ba. Difaransha ce, an fesa mata baƙin fenti tana ƙyalli, ga ɗan ƙarfen a murfi, S3.15 ɓaro-ɓaro. A gaban bakanikena na juya gefe ɗaya da hannu, ɗaya gefen ya bi shi, ba su saɓa ba kamar yadda buɗaɗɗiya ke yi. Gwajin da shi mutumin ya koya mani ke nan. Daɗi ya kashe ni. A wurin, a tsaye a gareji, na tura mashi dubu ɗari da hamsin na ƙarshe, wai kuɗin dako da masu lodi. Bakwai, shida, huɗu, ɗari da hamsin. 1,850,000.

Kwana biyu bakanike yana fama kafin farfela ta zauna. Muka fito gwaji, kwanar farko da na sha a hankali wajen Ƙofar Kaura sai na ji baya na ƙiƙ-ƙiƙ-ƙiƙ, taya na tsalle a kan kwalta, mota na turjewa kamar jakin da ba ya son shiga gida. Bakaniken ya dube ni ya ce, "Maigida, mu koma." Bai ƙara ko kalma ba har gareji. Ya zubar da man, ya kwance murfin, ya haska mani da tocilar waya. Ƙananan haƙoran nan na tsakiya an narka su da walda sun zama dunƙule ɗaya, baƙi ƙirin, har da guntun ƙarfe da aka cusa a tsakani, ga ɓarɓashin walda a cikin mai. Buɗaɗɗiya ce aka like. Dole gefe biyu su juya tare, ai an ɗaure su ne. Ɗan ƙarfen mai S kuwa daga wata aka ciro aka ɗaura da noti ɗaya. Da walda nake so, mai waldar bakin garejin zai yi mani a tawa kafin na gama shan shayi, akwai yaranmu da ke yi kuma ba sa ɓoyewa.

Na kira shi a wurin. Ya ɗauka fa. Ya yi salati, ya ce shi ma an cuce shi, in ba shi kwana uku. Ranar Sallah har saƙon barka ya turo mani. Ko kafin Sallah ne ya turo, ranar jajibiri, zan duba. Kwana uku da Sallah layi ya daina shiga, hotonsa ya ɓace a WhatsApp, shafin Instagram ya canza suna ya koma sayar da takalma na kwana biyu, sannan ya ɓace gaba ɗaya.

Injin kuwa yana nan, na gan shi. Wani abokinmu da ke zuwa Legas saro kaya ya kalli bidiyon ya ce ai wannan Ladipo ce, kasuwar kayan mota ta Legas, ya gane layin. Bai taɓa zama a Kwatano ba. Shagon wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, mutumin ya shiga kamar mai saye, ya ɗora takarda, ya ɗauki bidiyo, ya ce zai dawo.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na rubuta wa banki, an ce sai da umarnin kotu za a taɓa asusun, muna kai. Lauya ya ce kada in sa suna da lamba tukuna, shi ya sa ba ku gani ba. Amma rasit huɗu, da bidiyon, da hoton waldar, da muryoyinsa goma sha ɗaya, duk zan ɗora su da zarar ya ba ni dama. Wanda ake yi wa tayi yanzu ya same ni ta akwatin saƙo in nuna mashi fuskar.

Yaya ya ji ne a bakin wani, ba a bakina ba. Ya zo shago bayan magariba ya zauna kan benci ya ce, "Ina jarin da aka ƙara?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Da ka ce mani mota ce, da na hana ka, ka ji haushina na sati ɗaya." Ya tashi ya tafi. Bai sake tayar da maganar dubu ɗari ukun ba, ni kuma na gwammace ya zage ni.

Ku dai kada ku biya kuɗin inji sai naku ya tsaya a kansa ya karanto lambarsa. Difaransha a buɗe murfi a gabanku, juyawa da hannu ba hujja ba ce. Suna ya bambanta da na asusu, ku tsaya.

Allah ya isa tsakanina da shi. Na mayar da tsohuwar difaranshata, motar na tafiya yadda take da, Asabar uku ke nan ban leƙa filin ba. Difaransha mai waldar tana ƙofar gareji, yaran bakanike sun mayar da ita kujera. Alat ɗin dubu ashirin ɗin ma ban goge ba, 11:42 na safe, shi zan fara sawa.