Masu hayar sifika ku yi hattara: N765,000 na tura, anka yi min ungulu da kan zabo

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar sauti na Sakkwato da kewaye. Kwana 9 ke nan ina juya maganar nan a raina, kunya ta hana ni rubutawa. Yau dai na ce ko za a yi min dariya sai na faɗa. N765,000 na tura wa wani mutum da hannuna don sayen wufa 4, wato manyan sifikun bes, babu wanda ya sa min wuƙa a wuya. N765,000.

Kuma kafin wani ya ce ai ɗan koyo ne, shekarata 11 ina ɗaukar sifika a kai. Daga Mabera zuwa Runjin Sambo, Gawon Nama har Bodinga, biki, wa'azi, Maulidi, gangamin siyasa, babu inda kayana ba su je ba. Na san sifika. Wannan ne ma abin da ke ƙona min rai.

Akwatin ƙaho guda 4 na ba kafintana ya haɗa min, na bes, irin mai naɗaɗɗiyar hanya a ciki, da katako mai kaurin milimita 18. Duk wanda ya yi aiki a fili ya san dalili: akwati mai huda yana da daɗi a ɗaki, amma a filin biki bes ɗinsa ba ya nisa, ƙaho kuwa jifa yake yi. Sai dai ƙaho ba kowace wufa yake karɓa ba. Maƙogwaron ƙahon da ke gaban takardar wufar, wato fuskarta mai motsi, ya fi takardar ƙanƙanta, iska a matse take, don haka wufar da ƙarfi take turawa. Tana son maganaɗisu mai ƙarfin gaske, takarda mai tauri wadda ba za ta lanƙwashe ba, kwayil, wato naɗin wayar da ke tura takardar, babba mai jure zafi, don bayanta a ɗan ƙaramin ɗaki yake a rufe, zafi ba ya samun mafita. A takardar bayani ana duba BL, wato ƙarfin turin maganaɗisu, ya zama babba, Qts, wato awon yadda takardar ke ci gaba da rawa bayan an tura ta, ya zama ƙarami, ƙasa da 0.35 ko kusa da haka, in kuma ka raba Fs, wato saurin rawar da wufar ke yi da kanta, da Qes, ɗan'uwan Qts na ɓangaren lantarki, ka samu sama da 100. Duk wannan na sani. Na rantse na sani.

To ta nan ya kama ni.

A Facebook na ga tallarsa, wufa ta kamfanin RCF inci 18, na hannu, wai daga Turai anka ciro su. Da na kira shi, ban gama gaisuwa ba ya ce: “Maigida, tsaya tukuna. Akwatinka ƙaho ne ko mai huda?” Na ce ƙaho. Ya ce: “To kada ka ɗauki waɗanda ke hoton farko, Qts ɗinsu ya yi yawa, za ka yi asarar kuɗinka. Akwai wasu 4 a sito masu kwayil inci 4, su ne na ƙaho.” Jama'a ku gaya min, wane ɗan damfara ne ke hana ka sayen kayansa? Wane ɓarawo ne ya san Qts? A Sakkwato duka masu shagon da za su yi maka wagga tambaya ba su cika hannu ba. Tun ranar nake jin muryar a kunnena, “akwatinka ƙaho ne ko mai huda?” Da bai yi tambayar nan ba, wallahi ko sisi ba zai gani ba.

N185,000 kowace ɗaya, 4 sun kama N740,000, kuɗin mota daga Legas N25,000. Na fara tura N400,000, ranar Talata ke nan. A'a, Litinin ce, don Talata munka yi kiran bidiyo. Ko kuwa bidiyon ne farko? Kaina ya ɗaure, amma duk yana cikin waya, zan sa hotunan hirar ku gani da idonku. Abin da ba zan manta ba shi ne bidiyon. Ya ɗaga wufar da hannu biyu yana nishi, ya aza ta kan sikeli, allura ta wuce kilo 13. Ya juya min bayanta, firam na zubin alminiyam, maganaɗisu faffaɗa. Ya ɗora mita, ta nuna 5 da ɗoriya, daidai abin da sifika mai om 8 ke nunawa. Har ya taɓa batir a wayoyin na ga takarda ta yunƙuro waje. Mi kuma ya rage in tambaya? Ta gaske ce ya nuna min. Ita ce dai bai aiko ba.

Yayana ya ce da ni, “Ƙane, kuɗin nan sun yi sauƙi, araha ba ta ado.” Na ce masa Yaya ba ka san harkar ba. Ni na faɗa masa haka, alhali N200,000 daga cikin kuɗin nasa ne, aro ya ba ni. Sauran adashi ne na kwasa, na haɗa da kuɗin tsohon janaretana da na sayar. Har yau ban iya haɗa ido da shi ba.

Kaya sunka iso babbar tasha da yamma, kwali 4 an naɗe su da salatif awa gawa. Na ɗaga ɗaya na ji ba ta kai nauyin da nake zato ba, sai na ce wa raina gajiya ce ta sa hannuna ya rikice. Ga tambari, ga lamba, ga murfin roba ya rufe maganaɗisun gaba ɗaya. Na manta ban faɗa ba, kafin direba ya taso sai da mai kayan ya matsa min na cika N340,000 da kuɗin mota, wai yaron shagonsa na tsaye a tasha ba zai saki kaya ba sai ya ga alat. Na tura. Jimla N765,000.

Laifina guda ne, kuma na yarda da shi: ban kwance murfin nan ba kafin in ɗaura. Biki na jirana ranar Asabar a Mabera, kafinta na jira, sai munka ɗaure su da dare munka gwada a hankali, sauti ya fito, na ce alhamdu lillahi.

Ranar bikin, rana irin ta Sakkwato wadda ƙarfe ma ba ya taɓuwa. Ban ƙure amfilifaya ba, fitilar ja ko sau ɗaya ba ta kama ba, kuma na sa filta na yanke duk sautin da ke ƙasa da Hz 40, don na san ƙasa da iyakar sautin da ƙaho ke iya fitarwa takarda rawa kawai take yi a banza. Kada wani ya zo ya ce ni na ƙona su. Ba a yi minti 40 ba na ji bes ya fara kwarkwar, awa ana buga gwangwani. Sai wari. Duk mai sana'ar nan ya san warin kwayil in ta ƙone. Biyu sunka mutu a take, ta uku takardarta ta tsage daga wuya. Ana tsakiyar liƙi, amarya ta fito fili, wuri ya yi tsit. Ƙanwar uwar amarya ta taso har inda nake ta ce, “Malam, wanga shi ne sabon kayan da kake ta yi muna kuri?” Da ƙananan sifikun sama munka ƙarasa, kuma rabin kuɗin aikin na mayar.

Washegari na kai su wurin dattijon da ke yi min naɗin kwayil. Bai ce komai ba, ya sa sukurdireba ya ɓalle murfin robar. Maganaɗisu ɗan siriri, an manna masa wani zoben ƙarfe a baya don ya yi kauri. Ya ɗora ƙusa a jikin zoben, da ƙyar ta tsaya. Ya yanke hular tsakiya, faffaɗar hula, a ƙarƙashinta kwayil ko inci 3 ba ta kai ba, ta yi baƙi ƙirin. Takardar kuwa yatsa biyu ya sa ya lanƙwasa ta. Munka aza kan sikelin mai shinkafa da ke maƙwabtaka da shi: kilo 8 da rabi. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ko na naɗa maka sabuwa, wagga ba ta zama cikin ƙaho. Ka sa ta a shagon aski.” Na ce Baba nawa za ta yi a kasuwa? Ya yi shiru. Shirun nan ya fi min zagi ciwo.

Kamfanin da anka manna tambarinsa ba ruwansa, tun 1949 suke ƙera sifika a Italiya, na kuma yi aiki da na gaskensu shekaru. Sitika ce kawai, wadda ko a nan garin za a buga maka.

Na kira mutumin, farko ya ɗauka. “Haba maigida, yaro ne ya yi kuskuren kwali, gobe zan aiko da naka.” Gobe ta yi, jibi ta yi. Ranar Laraba ya ce in ƙara N30,000 na mota a canza min. Kun ji fa, in ƙara! Da na ce ya fara mayar min da N765,000 ɗina, sai layi ya mutu, WhatsApp ya toshe ni, shafin ya canza suna, amma hotunan nan dai su ne, har da sikelin. Wani abokina da ke sayayya a kasuwar Alaba ta Legas ya bi kwatancen shagon da ya ba ni, babu mai wannan lamba a layin. Sunan da ke asusun ma daban yake da wanda ya faɗa min, ya ce na matarsa ne, ni kuma na yarda. Na kai ƙorafi banki, na kai rahoto, ina jira.

Ku dai kada ku cika kuɗi sai kaya sun zo hannu. Ku cire murfin baya, ku aza kan sikeli a nan tashar gaban direba. Bidiyo ba shaida ba ne.

Rasit biyu, hoton hirar, muryarsa inda yake tambayata ƙaho ne ko mai huda, da hoton kwayil ɗin da ta ƙone, duk zan sa su da dare in na yi caji. Wanda ya taɓa tura wa wannan asusun kuɗi ya neme ni mu haɗa kai. Akwatuna 4 na nan a zaure babu komai a cikinsu, kafinta na bina N60,000, kuma akwai bikin da na riga na karɓi kafin alƙalami na ranar Asabar mai zuwa a Arkilla. Mai wufa inci 18 ta gaske guda 2 da zai ba ni haya na kwana ɗaya, don Allah ya yi min magana.