Kayan sanyin gwanjo na babbar kasuwar Katsina: yadda suka yi da ni a Rasha

Kwat ɗin ta yi, suwaita biyun sun yi, takalmin kuwa bai yi ba ko kaɗan. Hukuncina ke nan a taƙaice kan wata rumfa da ke layin 'yan gwanjo a babbar kasuwar Katsina, inda na haɗa kayan sanyin da na tafi da su Rasha a hutun ƙarshen shekara. Ba zan kama sunan mai rumfar ba, tunda maganar akwai yabo a cikinta akwai kuma ƙorafi.

Abin da ya kai ni can abota ce ta wasiƙa. Tun ina matashin malamin firamare a shekarun 1980 nake aika wa sashen Hausa na Rediyon Mosko takarda, kamar yadda muke aika wa BBC da Muryar Jamus. Ta nan aka haɗa ni da wani ɗalibi mai karatun Hausa a Jami'ar Leningirad, yana neman wanda zai riƙa gyara masa rubutu. A 1991 sunan garin da nake rubutawa a bayan ambulan ya koma Sen Fitasbag, daga baya ambulan ɗin ma ya ɓace muka koma imel. Ya yi furfura, na yi furfura, ba mu taɓa haɗa hannu ba. Da na ajiye aiki sai ya aiko mini da takardar gayyata, irin wadda ma'aikatar harkokin cikin gidansu ke bayarwa, wadda da ita ake neman bizar ziyara a ofishin jakadancinsu na Abuja. Ya ce in zo lokacin sabuwar shekara, domin daga 1 zuwa 8 ga Janairu ƙasar hutu take, Kirsimetinsu ma ranar 7 ga Janairu take faɗawa saboda cocinsu na bin tsohuwar kalanda. Wato dai a tsakiyar muku-muku ya gayyace ni.

Mai rumfar matashi ne, bai kai arba'in ba, amma ya san dila. Ranar da na fara zuwa na gaya masa inda za ni, bai yi hanzarin cusa mini abin da ke rataye ba. Cewa ya yi: "Baba, waɗannan na 'yan acaba ne da asuba. Ka bar mini lambarka, in zan fasa dilar manyan kwat-kwat zan kira ka, ka yi zaɓen farko." Na ɗauka maganar kasuwa ce. Sai ga kira kuwa bayan sallar Asuba wata Laraba. Wannan kaɗai ya sa na ba shi maki, domin wanda ya san gwanjo ya san bambancin wanda ya tsaya a kan dila lokacin da ake yanke igiya da wanda ya zo bayan 'yan sari sun tsince.

Yadda ya zaɓar mini kwat ɗin abin kallo ne. Ni idona ya tafi kan wata baƙa mai sheƙi, mai nauyi, wadda in ka ɗaga ta za ka ji ka riƙe kaya. Ya karɓe ta ya jefa gefe, ya ce nauyi ba shi ne ɗumi ba. Ya zaro wata ruwan toka marar kyan gani, ya damƙe hannunta a tafinsa har ya zama ɗan dunƙule, ya saki. Nan take ya kumbura ya koma yadda yake. Ya fita bakin rumfa ya ɗaga ta saitin rana, ya ce in leƙa: in gashin da ke ciki ya mutu, za a ga ya taru a lungu-lungu, haske na ratsa tsakiya. Wannan kuwa duhu ne ko'ina. Sannan ya juyo takardar da ke ɗinke a ciki ya nuna mini kashi 80 laushin gashin agwagwa, kashi 20 gashin fiffike. Tsawonta ya sauko har kusa da gwiwa, tana da hula a haɗe, da aljihun ciki mai zif. Ya sa mata naira 55,000, muka yi ta ja har aka tsaya a 40,000, ya ƙara mini da sabon kan zif da ya sa wani tela na maƙwabta ya ɗaura kafin in gama shan ruwa.

Na bi ta Kano zuwa Alƙahira, daga can zuwa Mosko, sannan jirgin ƙasan nan mai gudu, Sapsan, ya kai ni Fitasbag cikin kamar awa 4. A ma'auni, Janairun garin yakan tsaya wajen digiri 5 ko 6 ƙasa da sifili, wani lokaci ya gangara har ya wuce 20. Mu da digiri 12 ko 13 ke sa mu hura kasko a ɗaka a Katsina. Amma ba lambar ce matsalar ba, iskar ce. Jaurarmu busasshiya ce, tana fasa leɓe da dunduniya ta tsaya nan. Tasu daga mashigin tekun Finlan take tasowa da danshi, ta biyo kogin Neba, ta nemi duk wata kafa da ke jikin tufa. A kan gadar da muka bi zuwa tsohuwar ganuwar Bitrus da Bulus, inda kogi ya daskare har ana hango mutane suna tafiya a kansa, a nan na san na sayi kaya. Fuskata ta mutu, hawaye na fita ba kuka ba, amma daga wuya zuwa gwiwa ban ji komai ba. Abokina ya taɓa kwat ɗin ya tambayi kuɗinta, na lissafa masa da kuɗinsu, ya ce da Hausarsa ta littafi: "Malam, lalle ka yi ciniki mai albarka."

Aljihun cikin nan ma ya yi rana. Tun watan Maris na 2022 katunan Visa da Mastercard na ƙasashen waje ba sa aiki a Rasha, don haka tsabar kuɗi mutum zai riƙe, ga fasfo, ga takardar shige da fice, ga takardar rajistar masauki da mai masaukinka zai yi maka cikin kwanakin aiki 7. Duk a nan suka zauna. Wayar ma a nan take kwana, domin in ka bar ta a aljihun waje sanyi zai shanye batirin kana kallo.

Suwaita kuwa mai rumfar ya so in ɗauki guda mai kauri. Matar abokina ta riga ta aiko da saƙo cewa in nemi marasa kauri biyu na ulu, kada in yarda da auduga a jikin fata. Da na faɗa masa bai yi gardama ba, ya zube buhu ya yi ta duba takardu har ya samo. Dalilin sai da na je na gani. Gidajensu da shagunansu da jiragen ƙarƙashin ƙasa duk akwai ɗumi, a gine-ginen ruwan zafi ke zagayawa ta bututu daga tashar gari, cikin falo sai ka zauna da riga ɗaya. Tashar Admiralteyskaya zurfinta mita 86 ne, kafin matakala mai tafiya ta kai ka ƙasa ka fara gumi. Auduga tana riƙe gumin nan, kana fitowa titi ya huce a jikinka. Ulu ba ya haka, kuma biyu marasa kauri kana iya cire ɗaya ka cusa a jaka.

Ƙananan aibobi biyu na kwat ɗin. Na farko warin gwanjo. Na shanya ta a rana kafin tafiya, na turara ta, a waje ba a jin komai, amma da zarar ɗumin jirgi ya bugi gashin sai warin dila ya taso. Irin wannan kwat ba a jiƙa ta a matse kamar zane, gashin zai dunƙule, don haka sai haƙuri da shanya mai tsawo. Na biyu ya fi ban dariya. A can ba a shiga gidan tarihi ko gidan wasa da kwat a jiki, akwai ɗakin ajiya inda za ka miƙa a ba ka lamba. A gidan tarihi na Hamitej tsohuwar da ke karɓa ta juya wuyan kwat ɗina tana neman 'yar igiyar ratayewa, babu, an yanke. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta yi wata doguwar magana da ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane duka. Daren nan matar abokina ta ɗauko allura ta ɗinka mini wata da igiyar takalmi. Mai zuwa sayen kwat ya duba wuyanta, aikin naira 200 ne a wurin tela.

Yanzu takalmi, inda ni da mai rumfar muka saɓa.

But ne na fata, ruwan ƙasa, mai tsawo har sama da idon sawu, da ɗan gashi a bakinsa. Na tambaye shi sau biyu ko na ƙanƙara ne. Ya buga ƙirji ya ce: "Baba, wanga ko cikin firji aka kulle ka da shi ba ka jin komai." Naira 25,000. To gashin nan a baki kawai yake, ado ne, cikinsa fallen fata ce da ɗan yadi. Wannan ma da sauƙi, safar ulu ta rage. Babbar matsalar tafinsa ce. Roba ce mai tauri marar zurfin zane, irin wadda sanyi ke ƙara busar da ita. A Fitasbag dusar ƙanƙara takan narke da rana ta sake daskarewa da dare, gefen titi ya zama gilashi. Daga ƙofar gida zuwa tashar bas abokina, wanda ya girme ni, shi ke riƙe da hannuna kamar ana kai amarya. Duk da haka sai da na zauna daɓas a gaban wani shagon magani, Allah ya taƙaita kwat ɗin ta tare ƙuguna. Ga gishiri da sinadarin da suke watsawa a titi, wanda ya bar farin zane a fatar, ya ci gam ɗin gefe, ruwan sanyi ya fara shiga ta yatsu. Ga shi kuma ya ba ni daidai ƙafata, alhali takalmin sanyi ana ƙara lamba ɗaya ne domin safa mai kauri da 'yar iskar da ke riƙe ɗumi. Yatsu in sun matsu jini ba ya zagayawa, su ne farkon mutuwa.

Ranar 2 ga Janairu, gari shiru kowa na barcin gajiyar biki, muka sami wani babban kanti a buɗe na sayi nasu, mai tafi mai laushi da zurfin zane, da gashi har yatsu. Ya fi na Katsina tsada nesa ba kusa ba, amma daga ranar na daina tafiyar hawainiya.

Hular sanyi ta ulu ta yi daidai, ta rufe kunne. Safar hannun fata ba ta da rufin ciki, ba ta kai minti goma ba yatsuna suka ƙage, sai aron ta abokina na yi, irin wadda yatsu huɗu ke zama wuri ɗaya. Mayafin wuya kyauta mai rumfar ya ba ni, kuma ya yi aiki.

Akwai abu ɗaya da ba mai rumfar ba, ba matar abokina ba, babu wanda ya tuna da shi: alwala. A ƙarshen Disamba hasken rana a garin bai cika awa 6 ba, tana fitowa wajen ƙarfe 10 ta faɗi kafin 4. Azahar wajen ƙarfe 1, kana sallamewa ba da jimawa ba La'asar ta shiga, Magariba na biye da ita. In kana yawon gari, salloli uku za su same ka a waje. A babban masallacinsu mai shuɗiyar ƙubba, wanda aka buɗe a 1913 aka kuma kwaikwayo ƙubbarsa daga Samarƙandi, na sha fama da naɗe hannun suwaita biyu da rigar ciki zuwa gwiwar hannu, ga mutane na jira a bayana. Ɗaya daga cikin suwaitar bakin hannunta a tsuke yake. Wanda zai saya ya gwada naɗewa tun a rumfa. Mai huffi kuma ya tafi da abinsa, zai gode wa Allah.

Da na dawo na kai wa mai rumfar takalmin da farin zanen gishirinsa. Bai musa ba, bai kuma mayar da kuɗi ba. Ya ce gwanjo ba a dawo da shi, amma in ɗauki wani abu a madadin, na ɗauki barguna biyu na yara. Abin da ya burge ni, sai ya karɓi wanda na sayo a can, ya kifa shi, ya danna tafin da babban yatsa, ya ɗauki hotonsa a waya. Ya ce ɗalibai masu tafiya karatu Rasha suna zuwa wurinsa duk shekara, kuma irin wancan but ɗin yake ba su.

Ga ɗaliban nan da iyayensu: kwat da suwaita da hula a saya a nan, a wurin wanda zai bari a matsa, a ɗaga a rana, a karanta takardar ciki. A je bayan hunturu ya wuce, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da kayan sanyi ke kwantai a rumfa, ciniki ya fi faɗawa. Kuɗin takalmi da safar hannu kuwa a ware su daban, a riƙe tsaba, a saya bayan an sauka.