Sashen masu tarin tibi: ma'aikata sun iya aiki, amma lokacin buɗewarsu bai dace da mai nema ba

Mutanen Aboabo, Asawase da Sabon Zongo, ga abin da na gani a sashen masu tarin tibi na wani asibitin gwamnati a nan Kumasi, inda nake raka yayana. Ba zan kama sunan asibitin ba, don akwai yabo, akwai kuma ƙorafi.

Yaya direban babbar mota ne, yana kai kaya Bolga da Bawku. Ya taɓa yin tibi, aka ɗora shi kan maganin wata 6. Bai kai rabi ba tarin ya lafa, jiki ya murmure, shi ke nan ya koma kan hanya. Da ciwon ya dawo, da zufan dare ya dawo, da ramar da har agogonsa ke zamewa daga tsintsiyar hannu.

Wajen gwaji ba ni da abin cewa sai godiya. An ba shi 'yar kwalba, aka nuna masa fili a bayan gini ya je ya yi kaki, aka sa a na'urar gwajin tibi mai suna GeneXpert. Washegari suka kira mu: ƙwayar cutar ta daina jin rifampicin, wanda shi ne ƙashin bayan maganin farko. Ko sidi ɗaya ba a karɓa ba, gwaji da magani duk kyauta ne a ƙarƙashin shirin yaƙi da tibi na ƙasa. Yanzu ƙwayoyi zalla yake sha, har da bedaquiline, babu allurar nan ta da mai kurmantar da mutane. Suna auna nauyinsa, suna duba bugun zuciya, suna tambayar ko ƙafa na masa zugi. Nas ɗin da ke riƙe da katinsa tana haɗa Hausa da Twi. Ranar farko ta dube shi ta ce, "Yaya direba, duk ranar da ka tsallake, ƙanwarka zan kira." Kuma tana kira, Allah ya saka mata.

To amma zauna kan bencin nan ka duba su wa ke layi. Akasari maza ne majiya ƙarfi, daga masu shekara 25 zuwa 45 haka: direbobi, makanikan Suame, mahauta, 'yan dako. Ba a Kumasi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka kamu a 2023, kashi 55 cikin ɗari maza ne, mata 33, yara 12. Sannan wanda bai taɓa shan magani ba, kusan 3 cikin ɗari ne ake samun cutarsu ta bijire wa magani, amma a cikin waɗanda suka taɓa sha, ana maganar 16. A ganina nan gizo ke saƙar. Ba halittar namiji ce kawai ba. Shi ne mai jinkirin zuwa asibiti, shi ne mai sigari, shi ne kuma mai yanke magani da zarar ya ji sauƙi, saboda gida na jiran cefane.

Ƙorafina ke nan. Sashen da safe yake aiki, ranakun aiki kawai. Makanikin da ya zo ya zauna har hantsi ya rasa aikin yini. Babu yamma, babu Asabar, kuma da Yaya ya ji ƙarfi ya tambayi yadda mai tafiya zai riƙa karɓar magani a arewa, sai da muka yi ta kai da kawo kafin a rubuta masa takarda. Mutanen da suka fi yanke magani su ne tsarin ya fi wahalar wa. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Tsofaffi kuwa ana gwada musu suga, abin da ya dace, tunda ciwon suga na ƙara wa tibi ƙarfi. Sai dai na ga wani dattijo, rawaninsa a cinya, ana kiran sunansa bai ji ba, aka wuce shi. Ya kamata a fara da su.

Mata ba su da yawa a layin, kuma ban yarda don ba su da ciwon ba ne kawai. Ƙofar sashen na kallon hanyar masu zuwa awo, duk maƙwabciya sai ta gan ka. Wata budurwa ta gaya mini har Tafo take zagayawa kafin ta shigo, don kada dangin saurayinta su ji. A ciki dai nas na jan mace gefe ta tambaye ta batun juna biyu, tana kuma faɗa wa masu shan rifampicin cewa yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

In za ku je, ku karya kumallo tukuna, ku riƙe takunkumi. Ku tafi da duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon, musamman ƙananan yara, za a duba su kyauta. In kuma mai ciwon ya taɓa fara magani ya bari, ku faɗa tun a teburin farko, ku kawo tsohon katin in yana nan.