Fatar birki a Amurka: kaya da araha, hannu da tsada

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe min da su Hajiya da yara. Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan kowa shi ke gyaran motarsa. Ba kowa ba, amma da yawa, kuma ba son wahala ke sa su ba. Kuɗin hannu ne. Gareji a Amurka da awa yake lissafi, kuma a wurare da dama awa ɗaya ta haura dala 100. Fatun birkin gaba na Camry irin tawa kuwa, da dala 30 zuwa 60 za ka saya. Ka ga ke nan aikin ya fi kayan tsada, saɓanin gida inda kayan ke cin aljihu, na bakanike kuwa sai ka ji an ce "a ba da abin da ya sauƙaƙa".

Nan jihar Pennsylvania kuma ba a yi wa birki kawaici. Duk shekara sai an kai mota duba, a cire taya a leƙa kaurin fatar, in ta cinye ba za a manna maka takardar da ake liƙawa a gilashi ba. To da a faɗa maka farashi a gareji, gara ka riga su.

Wajen kaya dai sun fi mu, gaskiya ɗaya ce. Ka shiga shago irin AutoZone ko Advance Auto Parts, ka faɗi shekarar mota da samfurinta, a danna kwamfuta a miƙo maka daidai naka. Babu ɗaukar tsohuwar fata a leda ana zagaye Kofar Ruwa ana gwadawa, babu tambayar wannan orijina ne ko ɗan Kwatano ne ko kuwa kwali ne kawai mai kyau. In bai yi ba ka mayar da rasit a ba ka kuɗinka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aron kayan aiki: ka ajiye kuɗin jingina, ka tafi da ƙarfen, ka dawo da shi a mayar maka da kuɗinka cif.

Aikin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Fatar tana da ɗan ƙarfe siriri a gefe, in ta kusa ƙarewa shi ke gogar faranti, wato ƙarfen da ke juyawa da taya wanda fatun ke matsewa, yana ƙiiii, ya sanar da kai. Sabuwa kaurinta wajen milimita 10 ne ko ɗan fi, in ta sauko 3 lokaci ya yi. Ka sassauta notocin taya tun mota na ƙasa, ka ɗaga da jak, sannan ka kafa mata ƙafar ƙarfe, don a nan ba mai yarda da jak shi kaɗai, balle dutse ko guntun katako irin namu. Noti biyu ne ke riƙe da abin da ke matse fatun. In ka cire shi ka rataye shi da waya, kada nauyinsa ya sauka kan tiyon man birki. Sai ka tura fistin ciki a hankali da matsi, kana leƙa tankin man birki kada ya tumbatsa. Giris a kan sandunan da abin matse fatun yake zamewa a kansu, amma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fatar. Kafin ka motsa mota ka tattaka birki har ya yi tauri, domin takun farko ƙasa yake tafiya fayau.

Abin da ke ba mu wuya shi ne tsatsa. Lokacin sanyi gishiri ake zubawa a titi saboda ƙanƙara, shi ke cin ƙarƙashin mota, har noti ya kafe kamar an yi masa walda. Motar Kano ƙura ce kawai matsalarta. Ga kuma gidajen haya da yawa sun hana gyaran mota a wajen fakin, sai ka nemi ɗan uwa mai gidan kansa ka roƙi arziƙi ranar Asabar. Sababbin motoci masu birkin hannu na lantarki kuwa, na bayansu yakan buƙaci na'ura, ni ban taɓa su.

Inda muka fi su shi ne mutum. Bakaniken unguwa tun kana shigo kwana ya ji ƙarar ya san ciwon, yaransa su kewaye motar, kafin ka gama shayi an sauke ta, in babu kuɗi ka ce sai ƙarshen wata. A nan sai ka buga waya an ba ka rana, kuma sau da yawa su ce ba sa sa sabuwar fata sai an haɗa da sabon faranti, lissafi ya ninka.

Ka turo min lambar shasin motarka, mai harufa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. In mai zuwa gida ya samu zan ba shi fatun gaba da na baya ya taho maka da su, sai ka kai wa naku ya ɗaura.