Red Alert 2, Age of Empires da StarCraft II: wanne ya fi zama a hannu?

Wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta da nake magana a kai su ne waɗanda ba a jiran juna: kana gina garinka, abokin gaba na gina nasa, wanda ya yi sanyin hannu ya sha kashi. A fadarmu ta unguwar Zariya nan Maradi mun fi buga guda huɗu, kuma duk a kan kwamfutocin gwanjo. Bayan dogon bugu, abin da na ga ya fi raba su shi ne wurin da kowane wasa ya ajiye maka maɓallansa, domin can idonka da hannunka za su wuni.

Red Alert 2 na kamfanin Westwood, wanda ya fito a 2000, shi ya fi tausayin sabon shiga. Duk abin da za ka gina yana jere a gefen dama na allo, an kasa shi huɗu: gine-gine, kariya, sojan ƙasa, motocin yaƙi. Kana kallon fagen daga kana oda tankoki ba tare da ka koma gida ba. Arziki kuma iri ɗaya ne, motoci su kwaso ma'adini ya zama kuɗi, shi ke nan. Sai dai akwai lantarki. In ka cika gine-gine ba ka ƙara tashar wuta ba, taswira ta mutu, hasumiyar tsaro ta tsaya, aiki ya koma tafiyar hawainiya. Mu da muka san ɗaukewar wuta a tsakiyar zafin Afrilu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Aibinsa biyu a wurina. Maɓallin hagu na linzamin kwamfuta, wato maus, shi ke zaɓen soja, shi kuma ke tura shi, don haka a cikin ruɗani sai ka aika runduna inda ba ka nufa ba. Na biyu, in ka tara tankoki da yawa, sau tari magana ta ƙare.

Age of Empires II, na Ensemble Studios a 1999, wani gida ne daban. Maɓallansa suna ƙasan allo, kuma ba sa bayyana sai ka taɓa ginin ko mutumin da ke da su. Kana son mashi, je bariki. Kana son manomi, koma tsakiyar gari. Da farko wannan zirga-zirga tana gajiyarwa, har sai yatsun hagu sun haddace kibod: H ta kai ka tsakiyar gari, ɗigo ya nuna maka manomin da ke zaman banza, lambobi su riƙe maka runduna rukuni-rukuni. Daga nan wasan yake buɗewa. Kana juya abubuwa huɗu, abinci, itace, zinariya da dutse, kana hawa zamani huɗu, kuma kowane hawa caca ce, domin abincin da ka zuba a ciki sojoji ne da ba ka haifa ba. Ga kuma tsarin kowa da maganinsa: masu mashi na cin doki, maharba na cin masu mashi, masu jifa na cin maharba. Mutum mai ƙaramar runduna yana iya kayar da mai babba in ya leƙa ya ga abin da ake dafa masa. Wannan ne ya sa har yau shi muke komawa in an ɗora shayi na biyu. A 2015 an ƙara masa Malawa, wato mutanen daular Mali, da Habashawa da Barbar da Fotugis, kuma ni Malawa nake ɗauka, don gine-ginensu ba sa cin itace sosai. Sabon bugun 2019 ya sauƙaƙa abubuwa, gona tana sake shuka kanta, amma ya yi wa tsofaffin injunanmu nauyi. Bugun 2013 ya fi tafiya lafiya.

StarCraft II na Blizzard, na 2010, ba zan daɗe a kansa ba. Shi ya fi duka santsi: ka ce soja ya juya, ya juya nan take, kuma ka zaɓi rundunarka duka da F2, alhali na farkonsa na 1998 sojoji 12 kawai yake bari ka riƙe. Tun 2017 ana buga babban ɓangarensa kyauta. Amma saurinsa ya wuce hira, ba ka da damar kurɓar shayi, kuma yana son intanet mai tsayuwa. Forfe na waya in ya yi tangarɗa, an gama da kai.

Wanda ya fi ja mana rai shi ne Age of Empires III, sabon bugun 2020, domin a 2021 an sa Hausawa a ciki tare da Habashawa. Sarauniya Amina ce jagora, babban birni Kano. Bakatsinen Maradi dai zai ɗan murguɗa baki a nan, amma a bar wannan. Sojojin suna amsa umarni da Hausa, akwai maharban Fulani, akwai maroƙa, akwai mahayan lifidi masu jimirin duka ko da bugunsu bai kai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi zai gane shigar. Shanu ma dukiya ne a wasan, kana kiwonsu ka sayar a kara lokacin da ka matsu, kuma wannan ya burge ni fiye da komai, don wanda ya tsara shi ya fahimci yadda ake ajiyar arziki a ƙasar nan.

Sai dai allon ya cika. Ban da abinci, itace da kuɗi, Hausawa suna da ma'auni na huɗu, wato tasiri, wanda jami'a da fada da shanu ke tarawa, da shi ake ɗaukar sojan haya. Ga katunan agaji da ake aikowa daga birni, waɗanda dole ka tsara tun kafin a fara. Ga zaɓen ƙawaye duk lokacin da za ka hau zamani, Songhai ko Maroko ko wasu, kowa da abin da yake kawowa. A ƙaramin allon kwamfutar hannu rubutun yana ƙanƙancewa, kuma rabin hankalinka yana kan karatu maimakon fagen daga. Ƙanena da ya fara da shi saboda jin Hausa ya yi ta shan duka a hannun kwamfuta, sai da na mayar da shi Red Alert 2 ya koyi riƙe linzami tukuna. Linzamin ma a sayi mai igiya a kasuwa, domin da ɗan faifan shafa na jikin kwamfuta ba mai iya jan mahayan lifidi su zagaye maharba.