Izinin fakin na 'yan unguwa da turakun rufe titi: me suke iya yi, a ina suke gazawa

Abu biyu hukumomin birane suka fi miƙa wa unguwar da motoci suka dame ta. Na farko izinin fakin, wato sitika ko rajistar lambar mota da ke bai wa mazauna kaɗai damar ajiye mota a bakin titinsu a wasu sa'o'i. Na biyu toshe titin a wuri ɗaya yadda mai tafiya a ƙasa da mai keke za su wuce, mota kuwa ta shiga amma ba ta ɓulle ta ɗaya gefen ba. Yawanci a taro ɗaya ake kawo su, kuma a nan gardama take kaurewa, domin ciwo biyu ne daban, kowanne da maganinsa. Izini yana maganin baƙin motocin da ke wuni a tsaye. Toshewa tana maganin masu yanke, direbobin da ba su da wata hulɗa da unguwar illa gudun cunkoson babban titi, waɗanda manhajojin taswira irin su Waze da Google Maps suka ƙara wa yawa. Hukuncinmu a taƙaice: duka biyun suna aiki, amma sai an yi ƙidaya kafin a kafa su, kuma sai an gaya wa mutane gaskiyar abin da za su samu.

Mu fara da izinin, domin shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba sabon abu ba ne. Tun 1977 Kotun Ƙolin Amurka ta amince wa gundumar Arlington ta fifita mazauna a kan masu zuwa aiki wajen fakin a titunan unguwa. Abin da takardar ke bayarwa shi ne damar neman wuri a cikin yankin. Ba ta keɓe wa kowa ƙofar gidansa ba, ba ta kuma yi alkawarin za a samu wurin ba. Duk wanda ya goyi bayan tsarin yana zaton an ba shi gaban gidansa, watan farko zai juya masa baya.

Lissafin ba shi da wuya, kuma kowane kwamitin unguwa zai iya yin sa da tef ɗin awo. Motar da ke fakin a jere da gefen titi tana cin kimanin mita 6 a tsawo, mita 2 a faɗi. A ɗauka titi mai tsawon mita 300, gefe biyu mita 600 ke nan. A cire kusurwoyi huɗu, domin ba a fakin dab da mahaɗa: a Birtaniya ƙa'idar mita 10 ce, a Jamus mita 5. Da ta Birtaniya an rasa mita 40. A cire ƙofofin shiga da mota, a ce 30 ne, kowacce mita 4, an rasa wasu mita 120. Saura 440, a raba da 6, wuri 73. In mazauna titin suna da mota 100 da ba su da inda za su shiga da su, to babu izinin da zai wadatar da su ko an kori baƙo na ƙarshe. Akwai ma abin da ba a cika faɗa a taro ba: ranar da aka zo da fenti aka shata wurare, adadin yakan ragu a kan yadda aka saba, saboda motocin da a da ake cusawa a kusurwa da bakin ƙofa yanzu sun zama masu laifi. Wannan ragin alheri ne ga yaron da zai tsallaka titi, amma ya kamata a sanar da shi tun farko.

Don a san ko baƙi ne matsalar ko 'yan gida, ƙidaya biyu ake yi. Ta dare, tsakanin ƙarfe 12:30 da 5:30 na asuba a daren aiki biyu, kamar yadda ake yi a tsarin da gundumar Lambeth ta Landan ta shahara da shi, domin a lokacin kusan duk motar da ke titi ta mazauni ce. Sai ta rana, a rubuta lambobin motoci kowace sa'a ɗaya ko biyu a ga wanda ya wuni. In dare ya nuna wurare sun cika kashi 60 cikin 100, rana kuma 95, izini zai yi aiki sosai. In dare ne ya cika maƙil, kuɗin da za a kashe asara ne, sai dai a taƙaita yawan izini ga kowane gida, abin da ke da ɗaci amma shi ne gaskiyar maganin. Masana harkar, bisa abin da masanin tsara birane ɗan Amurka Donald Shoup ya koyar, suna ɗaukar cikar kashi 85 na wurare a matsayin iyaka: ya wuce haka, direbobi sun fara zagaye suna neman wuri. Japan ta bi wata hanya tun 1962, inda a yawancin wurare sai mutum ya nuna yana da wurin ajiye mota kafin a yi mata rajista.

Sa'o'in hanin su ne inda muka ga tsarin ya fi nuna basira ko rashinta. In masu zuwa aiki ne ke cika titi, hanin sa'a ɗaya ko biyu da tsakar rana ya isa, domin wanda ya tafi tun safe ba zai dawo ya matsar da mota ba. Mai kawo ziyara da yamma bai shiga ciki ba, ma'aikacin tara kuma zagaye ɗaya zai yi. Hanin wuni guda yana da wurinsa kusa da asibiti ko filin wasa, amma a titi na yau da kullum yana azabtar da waɗanda ba su yi komai ba.

Raunin da ya fi ba mu haushi shi ne na baƙi da masu hidima. Mai jinyar tsoho da ke zuwa sau uku a rana, mai gyaran famfo, 'yar da ke kawo wa mahaifiyarta magani: in sai ta manhajar waya kaɗai ake yi musu rajista, tsohon da ba ya iya wayar ya rasa masu zuwa wurinsa. Tsari mai kyau yana da katin baƙo na takarda ko lambar da za a kira, yana da izini na musamman ga masu jinya, yana kuma barin minti 20 ko makamancin haka don sauke kaya. Sai matsalar iyaka. Titi na farko da ke wajen yankin shi ke kwashe duk motocin da aka kora, shekara ba ta zagayowa sai su ma sun nemi nasu. Saboda haka a tambayi titunan da ke kewaye tun a zagayen farko, a kuma ƙidaya nasu motocin.

Yanzu toshe titi. Groningen a Holan ta raba tsakiyar birninta kashi huɗu a 1977 yadda mota ba ta tsallakawa daga wani kashi zuwa wani sai ta koma titin zobe da ya kewaye tsakiyar birnin, Ghent a Beljiyam ta yi irin haka a 2017, kuma duka biyun suna nan a kan tsarin. A ɗaya ɓangaren, gundumar Wandsworth ta Landan ta dakatar da nata tsarin toshe titunan unguwa a watan Satumba na 2020, makonni kaɗan da kafawa, bayan an yi abin cikin gaggawa. Kayan aikin kusan iri ɗaya ne. Shiri ne ya bambanta.

Kayan kuwa iri uku ne. Akwatin shuka na katako shi ne na gwaji: ana ajiye shi a rana ɗaya, ana ɗauke shi a rana ɗaya. Amfaninsa ke nan, aibinsa ma ke nan, domin in ba a cika shi da ƙasa sosai ba mutum huɗu za su ture shi cikin dare. Yana buƙatar ƙyalle mai haska fitila a kowace fuska da wanda zai riƙa ba shi ruwa. Akwatin da shukarsa ta bushe ya koma wurin zuba shara yana rage wa tsarin magoya baya fiye da duk wata muhawara.

Turken ƙarfe mai kwaɗo shi muka fi amincewa da shi a ƙaramin titi, da sharuɗɗa. Tsayinsa kamar mita 1, da launi mai fita da dare. Tazarar da ke tsakanin turaku mita 1.5: ƙasa da haka keken ɗaukar kaya da wasu kekunan masu larura suna wahala, sama da haka da yawa ƙaramar mota za ta kutsa. A auna har da tazarar turke na ƙarshe da bango ko bishiya, domin ta nan direbobi ke hawa hanyar masu tafiya a ƙasa su zagaye. Turken tsakiya shi ne mai cirewa, yana zaune a cikin kwanson ƙarfe da aka dasa a kankare. A nan ake samun matsala. In ba a zuba tsakuwa a ƙarƙashin kwanson don ruwa ya tsiyaye ba, ruwa da yashi suna taruwa, tsatsa ta kama, ranar da ake buƙata turke ya ƙi fita. Ya kamata a cire shi a share ramin a shafa giris aƙalla kowane wata uku, kuma kwanson ya kasance da murfi don kada ƙafar wani ta faɗa lokacin da turken ba ya ciki. Makulli kuma ya zama irin wanda 'yan kwana-kwana da motar asibiti ke ɗauke da shi dama, ba sabon da za a ajiye a gidan shugaban kwamiti ba. Idan an cire turken tsakiya, dole faɗin da ya buɗe ya kai abin da motar kashe gobara ke buƙata. A Ingila mita 3.1 ne a mashiga, mita 3.7 a faɗin titi. Turken roba mai lanƙwasawa ba mu ba da shawararsa: da zarar direba ɗaya ya gano yana kwanciya, kowa ya gano. Mai tashi da nitsewa da lantarki yana da kyau a tsakiyar kasuwa inda akwai mai gyara a kusa, a titin unguwa kuwa yakan shafe makonni a lalace.

Na uku kyamara mai karanta lambar mota, babu shinge sai allo. Motar asibiti da bas suna wucewa ba tsayawa, ana kuma iya yafe wa masu larura ta hanyar sa lambarsu a rajista. Wannan babbar fa'ida ce. Amma titin yana nan a buɗe a ido, baƙon direba ya bi motar da ke gabansa, takardar tara ta iso shi bayan kwanaki, wani lokaci sau da yawa kafin ta farko ta zo. Daga nan mutane su fara cewa neman kuɗi ne, kuma da wuya a goge wannan zargi. Inda aka yi abin da kyau, ana aika gargaɗi ba tara ba a karon farko, ana sa allo tun kafin mahaɗar da direba zai iya canja hanya, ana kuma shafa wa wurin launi dabam. Kyamara ba ta hana yaro haɗuwa da motar wanda ya yi kunnen ƙashi, turke kuwa yana hanawa.

Inda aka dasa shingen ya fi irin shingen muhimmanci. In an sa shi a tsakiyar dogon titi ba wurin juyawa, motar kwashe shara za ta yi ribas na mita ɗari a tsakanin motoci, wanda haɗari ne da aka ƙirƙira da hannu. Gara a sa shi kusa da mahaɗa, ko a gicciye a tsakiyar mararraba yadda kowace mota za ta karya kwana ta fita ta wani gefen. A kuma duba taswirar gaba ɗaya: toshe titi ɗaya a bar na kusa da shi a buɗe, tura masu yanke ne ƙofar maƙwabta.

Tambayar da masu adawa ke yi, ina motocin za su koma, tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a yi mata wasa ba, musamman da yake mazauna manyan tituna sau da yawa su ne marasa ƙarfi. Binciken da Sally Cairns da Stephen Atkins da Phil Goodwin suka wallafa a 2002 a kan wurare sama da 70 ya nuna cewa in an rage wa motoci hanya, wani kaso na zirga-zirgar yakan ɓace gaba ɗaya, kimanin kashi 11 cikin 100 a wurin da ke tsaka-tsaki. Sauran suna komawa wani wuri, kuma sakamakon ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. Don haka a shimfiɗa robar ƙidaya, wato bututun da ke lissafa motocin da suka taka shi, ta kwana 7 a cikin unguwa da kuma kowane titin iyaka da ya kewaye ta kafin a toshe, a maimaita bayan wata 6 da wata 12, a guji lokacin hutun makaranta. Robar takan yi kuskure in motoci suna tafiyar hawainiya, saboda haka a titin da ke cunkushewa a haɗa da ƙidayar kyamara da lokacin da bas ke ɗauka. Makonnin farko kullum su ne mafi muni, kafin taswirorin waya su sabunta, direbobi su saba.

A Ingila doka ta yarda a yi gwaji har wata 18, ana karɓar ƙorafi a wata 6 na farko. Tsawon ya yi daidai, amma muna ganin sai an ƙara abu ɗaya da hukumomi ke yawan tsallakewa: a rubuta tun kafin a fara wane adadi ne zai sa a gyara ko a cire, misali in motocin titin iyaka suka ƙaru da kaso kaza, ko bas ya ƙara minti kaza. A liƙa alƙaluman kafin da na bayan a inda kowa zai gani, titi bayan titi, har da waɗanda suka nuna abin bai yi kyau ba.