Kafin ka sayi wayar shafawa, ka fara gwada rubutu a kanta

Duk wanda ya saba da waya mai madannai irin tsofaffin Nokia ko BlackBerry yatsansa ya haddace inda kowane harafi yake, ko ba ya kallo zai rubuta saƙo ya tura, to ranar da ya koma wayar shafawa sai ya ga kamar an canza masa hannu, ya nufi "a" ya taɓa "s", ya goge ya sake. Wannan yana wucewa da sabo, amma akwai abin da sabo ba ya gyarawa, shi nake so mai saye ya duba.

Na farko faɗin wayar. Masu sayarwa za su ce maka inci 6.1 ce ko 6.7, wannan awon daga kusurwa zuwa kusurwa ne, shi kuwa rubutu faɗi yake buƙata don haruffan kibod a jere suke daga hagu zuwa dama. In yatsunka manya ne ko da manyan yatsu biyu kake rubutu, babbar ta fi maka. In kuma kullum hannu ɗaya ne a kan waya ɗayan yana wani aikin, ƙaramar ta fi, don a babba yatsa ba ya kaiwa ɗaya gefen sai ka karkata hannu, wayar ma ta kan suɓuce.

Na biyu saurin amsawa, kuma ni a nan na fi tsayawa. Waya mai RAM 2GB, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe abin da take aiki a kai, in manhajoji suka yi mata yawa za ka danna harafi sai ya ɗan jima kafin ya fito, kai kuma ka zata bai shiga ba ka sake dannawa, sai ga haruffa biyu. Wallahi wannan ya fi ƙaramin sikirin ɓata rai, kuma babu saitin da zai raba ka da shi gaba ɗaya. Gara ka haƙura da kyamara mai kyau ka samu 4GB ko sama.

Android ko iPhone? A fagen rubutu bambancin ya ragu sosai. Tun iOS 8, wato tsarin da iPhone ke aiki da shi, a 2014 Apple ta bari a sa kibod na wasu kamfanoni, a iOS 13 kuma a 2019 nata kibod ɗin ya samu rubutun jan yatsa, wato ka ja yatsa kan haruffa ba tare da ɗagawa ba kalmar ta fito. Android ta riga ta da wannan tun zamanin wani kibod mai suna Swype. Inda Android ta fi shi ne saiti, a Gboard, kibod ɗin Google, za ka iya ƙara tsayin kibod, ka sa layin lambobi a sama, ka matsar da shi gefe ɗaya. Gboard yana da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ, akwai kuma SwiftKey na Microsoft mai koyon kalmomin da ka fi yawan rubutawa. Don haka kar kibod ɗin da waya ta zo da shi ya hana ka saye, canza shi ba ya cin minti biyar.

Gyaran kalma na atomatik kuwa, in harshen kibod bai dace da wanda kake rubutawa ba zai riƙa juya maka magana, ko dai ka ƙara harshenka ko ka kashe shi. Ka kunna ɗan girgizan nan da waya ke yi in ka taɓa harafi, yana maye wani abu na jin madannai da ka rasa. In ka yi kuskure a tsakiyar jimla kada ka goge duka, ja yatsa a kan madannin tazara a Gboard, a iPhone ka danne shi ka riƙe, alamar da ke nuna inda kake rubutu za ta koma inda kake so.

A wurin saye ka karɓi wayar ka buɗe saƙo ka rubuta layi uku da hannu ɗaya, ka sake da biyu, ka lura ko haruffan gefe suna shiga da taɓawa ɗaya. Gilashin kariya mai kauri ko wanda bai manne da kyau ba yana rage jin taɓawa, in za a sa maka ka sake gwadawa bayan an sa.